Ingilishi biyu a gari ɗaya

Malamin Angile, Garwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in fito da shi ku taya ni dubawa.

Shekarata 14 ina koyar da Ingilishi a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Da safe ina lise, wato sakandare ta gwamnati, can ne aikina na albashi. Talata da Alhamis da yamma kuma ina ɗaukar awoyi a wata makarantar kuɗi, saboda albashi kaɗai ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba.

A lise, ajina na 3e, wato aji huɗu na sakandare, yara 104 ne bana. Awa uku nake da su a mako, waɗanda ke da littafi kuma ba su kai 20 ba. Kafin in gama kiran suna minti goma sun tafi. Sai in juya allo in rubuta, su kwafa, in ba su jimloli masu gurbi su cike. A ƙarshen shekara tambaya ɗaya za a yi mini: mutum nawa suka ci BEPC, jarrabawar gama wannan aji?

A makarantar kuɗi yara 23 ne. Ranar da aka ɗauke ni, mai makarantar ta ce mini iyaye suna so su ji yaro yana magana kafin hutun Disamba. Can yaro zai miƙe gaban aji ya kare ra'ayinsa, ɗan'uwansa ya musa masa, su karanta littafin labari su zo su ba da shi da bakinsu, su rubuta wasiƙar neman gurbin karatu kamar da gaske. Ba wanda ya taɓa tambayata makin jarrabawa, don sun san shi zai zo da kansa.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne wata yarinya a ajina na lise, wadda ta fi kowa, 17 bisa 20 take samu. Makon jiya ta kai mahaifiyarta asibiti, suka tarar da wata sabuwar nas daga yankin masu Ingilishi. Nas ɗin ta tambaye ta me ke damun uwarta. Da ta zo tana ba ni labari, idonta ya cika da hawaye, ta ce: "Malam, na gane duk abin da ta faɗa, amma bakina ya ƙi buɗewa." Shekara huɗu ke nan tana hannuna.

Ni ɗaya ne, harshen ɗaya ne, garin ɗaya ne. Amma da safe ina shirya yara don takarda, da yamma ina shirya wasu don su shiga mutane su yi magana a saurare su. Wa ya yanke cewa haka za a yi? Ni dai na kasa barci a kan wannan.

Maman 'Yan Biyu, Rumde Ajiya

Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da ya sa na cire 'yan biyuna daga lekol ɗin unguwa, wato firamaren gwamnati, ke nan na kai su ɓangaren Ingilishi na wata makarantar kuɗi. Ni ban iya ba, babansu ma Faransanci ya yi, shi ma bai yi nisa ba. Da kuɗin adashe nake biya, kashi uku a shekara. Yanzu suna aji huɗu, in suna faɗa da juna da Ingilishi suke yi. Yayansu kuwa yana 2nde, aji biyar a lise, shekara biyar yana angile, wato darasin Ingilishi, amma in ƙannensa suka yi masa magana sai ya yi murmushi ya bar wurin. Abin yana yi mini zafi, don shi ne ya fi su ƙwaƙwalwa. Lokacinsa ne ba mu da hali.

Alhajin Kasuwa, Hausare

Malam, Allah ya saka da alheri. Ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗi nawa. Shekara fiye da 30 ina bin hanyar Mubi da Yola da Kano. A cikin kasuwa Hausa ta ishe ni, in na haɗu da Bafulatani kuma mu yi Fulatanci. Ba a taɓa cutata a ciniki don rashin Ingilishi ba. Inda nake shan wuya shi ne takarda: rasit, takardar banki, saƙon da ke shigowa waya in an turo kuɗi, takardun kwastan na wancan gefe. Yanzu kuma yaranmu sun fara sayo kaya daga Dubai da Sin ta waya, can ko ka ƙi ko ka so da Ingilishi za a rubuto maka.

Na taɓa miƙa wa ɗana mai Bak, wato shaidar gama sakandare, takardar kaya ya karanta mini. Ya karanta tsaf, kalma bayan kalma. Na ce to rubuta musu cewa katan biyu sun zo a fashe, muna neman ragi. Ya zauna ya fi rabin awa. A ƙarshe wani yaron shago ɗan Mubi da ko sakandare bai gama ba shi ya rubuta. To ni tambayata, tunda Najeriya tana nan kusa da hancinmu, me ya sa ba a koya wa 'ya'yan talakawa Ingilishin da za su ci abinci da shi?

Tsohon Darakta, Marwa

Malam, na karanta maganarka sau biyu. Na riƙe makarantar firamare shekara da shekaru kafin in yi ritaya, saboda haka zan ɗan kare gidan da na fito.

Da farko a tuna dalilin da ya sa ake koyar da Ingilishi a makarantunmu tun asali. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamaru da ke hannun Ingila. Kudancinsa ya zaɓi ya haɗe da mu, aka haɗe ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Arewacinsa ya zaɓi Najeriya. Ita kanta Mubi da Alhaji ke zuwa sayayya tana cikin wancan yanki da ya tafi. Tun daga nan ƙasa ta zama mai harsunan gwamnati biyu. Kundin tsarin mulki na 1996 ya ce Faransanci da Ingilishi darajarsu ɗaya, dokar ilimi ta 1998 kuma ta tabbatar da tsari biyu, kowanne da jarrabawarsa: mu da CEP da BEPC da Probatuwar da Bak, su da nasu har zuwa GCE da ake shiryawa daga Buea.

Manufar gwamnati ita ce ɗan Marwa da ɗan Bamenda su zauna ofis ɗaya su fahimci juna. Haɗin kan ƙasa aka sa a gaba. Makarantar kuɗi kuwa ba ta ɗauki wannan nauyi ba, ita mai biya take kallo, mai biya kuma so yake ɗansa ya tafi Kanada ko Amurka.

Sannan a takarda, manhajar da aka ba ka ba ta ce ka hana yara magana ba. Sabon tsarin koyarwan nan na ƙwarewa da ake kira APC ma cewa ya yi a koyar da abin da yaro zai yi amfani da shi a rayuwa. Yawan yara ne ya fi ƙarfinmu. Tun da aka cire kuɗin makarantar firamare a 2000 yara suka cika azuzuwa, abin farin ciki ne, amma malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Kada mu ɗora wa manufa laifin da na rashin hali ne.

Malamin Angile, Garwa

Baba Darakta, Allah ya ƙara girma. Tarihin da ka kawo haka yake, ban musa ba. Amma ka ba ni dama in ce wani abu. Malami ba manhaja yake bi ba, jarrabawa yake bi, kai ma ka sani. Takardar Ingilishi ta BEPC kashi huɗu ce: nahawu, kalmomi, karanta rubutu a amsa tambayoyi, sai insha'i. Duka da alƙalami. Yaro zai iya cinye ta bai taɓa furta jimla ɗaya a gaban mutum ba. In na ɓata awa guda ina sa su hira, makwabcin ajina ya riga ni gama manhaja, in sufeto ya zo littafin aji zai duba ya ga ni ne a baya.

Kuma in manufar ita ce ɗan Marwa ya fahimci ɗan Bamenda, ai yarinyar nan tawa da nas ɗin nan su ne ainihin mutanen da ake nufi. Sun haɗu, ba su iya magana ba. Ke nan ko manufar gwamnatin ma ba mu cika ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makon harsuna biyu da ake yi a farkon Fabrairu. A wannan mako yara za su haddace waƙa da ɗan wasan kwaikwayo, manya su zo a tafa. Ka ga yadda suke murna da furta kalmomin nan, sai ka san suna so. Mako ya wuce, mu koma cike gurbi.

Tsohon Darakta, Marwa

Wannan ta jarrabawa na karɓa. Ba ni da amsa a kanta.

Ɗan Dang, Ngaundere

Salam iyayena. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere, shekara ta uku a fannin kimiyya. Lise ta gwamnati na yi tun daga 6e har Tarminal, wato ajin farko har na ƙarshe. Ina so in faɗa muku inda bambancin yake fitowa fili, don a sakandare ba ma ganinsa, kowa yana cikin irinsa.

Da muka fara rubuta ɗan bincike, malami ya turo mana maƙalu mu karanta. Kusan duk na kwanan nan da Ingilishi suke. Mu 'yan lise sai mu zuba su a waya ta fassara mana, mu karanta fassarar da rabinta ba ta da kai. Akwai wasu 'yan ajinmu da suka fito daga makarantun kuɗi, su kai tsaye suke karantawa, har su rubuta wa mai maƙalar wasiƙa ya amsa musu. In tallafin karatu na waje ya fito, sai ka ga an ce a kawo sakamakon jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS. A jarrabawar nan akwai saurare, akwai magana. Su tun suna yara ake shirya su don wannan rana, mu kuwa sai a jami'a muka fara jin sunanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba hassada nake yi ba, abokaina ne, suna taimaka mini. Amma nakan zauna in yi tunani, shekara bakwai na yi ina angile, ina cin makina. Ina shekarun nan suka tafi?

Anti 'Yar Abakwa

Ni Bahaushiyar Bamenda ce, a Abakwa aka haife ni, can na yi karatu har GCE. Rikicin da ya fara a 2016 da yajin aikin lauyoyi da malamai shi ya taso mu, yanzu muna Ngaundere. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Ina da abu biyu.

Na farko, Maman 'Yan Biyu da sauran iyaye, ku buɗe ido. Ba duk allon da aka rubuta "bilingue" a ƙofa ba ne ake koyar da Ingilishi a ciki. Tun da mutane suka gane akwai kuɗi a harkar, kowa ya samu gida mai ɗaki huɗu sai ya buɗe makaranta. Na ga inda malamar aji ita kanta ba ta iya haɗa jimla biyu daidai ba, yara suna haddace gaisuwa da waƙoƙi, iyaye suna jin daɗi don ba su da yadda za su auna. Waɗannan su ne suka fi ba ni tausayi, don sun biya kuɗi, yaron bai samu Ingilishin ba, Faransancin da zai samu a lekol ma ya rasa. Saboda haka makarantun ba biyu ba ne Malam, uku ne: ta manya, ta gwamnati, da ta tsakiya mai cin kuɗin talaka da sunan ta manya.

Na biyu, ku sani mu ma can haka muka yi da Faransanci. Na ci shi a jarrabawa, amma ranar da na sauka tashar jirgin ƙasa a Ngaundere ban iya tambayar kuɗin mashin ba. Hausa ce ta cece ni. Ciwon ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Sai dai abin da na lura, manyan masu Faransanci sun daɗe da gane inda duniya ta dosa, tun kafin rikici 'ya'yansu sun cika makarantun kwana na yankinmu. Talaka ne kawai aka bari da harshe na biyu na kan takarda.

Maman 'Yan Biyu, Rumde Ajiya

Anti kin tsorata ni. To ni da ban iya ba, yaya zan gane ko tawa ta gaske ce?

Anti 'Yar Abakwa

Ki samu wanda ya iya, wanda ba malaminsu ba, ya zauna da su minti goma. Kada ya tambaye su abin da ke littafi. Ya ce su ba shi labarin abin da suka ci jiya da wanda ya dafa, ko yadda aka yi suka yi faɗa. In suka iya ba da labarin da ba su haddace ba, ko da kurakurai, kuɗinki bai faɗi ba. Sannan ki duba littafin rubutunsu ki ga ko ana gyarawa da jan biro ko sa hannu kawai ake yi.

Baban Injiniya, Garwa

Ina bin maganar nan tun safe, kuma na ji kamar ana nema a mai da mu da muka kai yara makarantun tsada masu laifi. Ba sata na yi ba. Na hana kaina abubuwa da yawa don in biya. Duk wanda ke nan in ya samu hali haka zai yi.

Amma tunda gaskiya ake faɗa, bari in faɗi abin da ba a gani daga waje. Babban ɗana ya yi tsarin Ingilishi tun daga nazare har ya gama. Yana magana kamar a rediyo. Da ya zo neman aiki a nan Garwa, duk ofishin da ya shiga da Faransanci ake aiki. An kafa hukumar harsuna biyu a 2017, an yi doka a ƙarshen 2019 cewa kowa yana da haƙƙin a saurare shi da harshen da ya zaɓa cikin biyun, amma je ka ofis a Arewa ka gani da idonka. Wasiƙar aiki da Faransanci ba ya iya rubutawa ba kuskure. Yanzu ba abin da yake magana sai fita waje. Makarantar ta shirya shi tsaf, amma don wata ƙasa ta shirya shi. Ni kuma na tsufa, shi nake sa ran ya riƙe gida.

Saboda haka Malam, kada ka ɗauka yaran yamma sun tsira. Su ma akwai abin da aka ɗauke musu.

Malamin Islamiyya, Marwa

Alhamdu lillahi da wani ya faɗi wannan kafin ni. Jama'a ku ƙirga harsunan da ke kan yaronmu: Hausa a gida, Fulatanci a titi da kasuwa, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lekol, ga Ingilishi. Biyar. Yaro ɗan shekara bakwai. Waɗanda ke zuwa mini daga makarantun tsada sai bayan la'asar sosai suke isowa, a gajiye, ga jakar aikin gida. Wasu an hana su yin Hausa a makaranta, har tara ake ci. Na ga yaron da kakarsa ta gaishe shi ya kasa amsawa yadda ya kamata, iyayensa kuma suna alfahari. Ni ban ƙi Ingilishi ba, ilimi ne. Amma in makaranta ta koya wa yaro cewa harshen uwarsa abin kunya ne, wannan tarbiyya ce take ba shi, ba harshe kaɗai ba.

Anti 'Yar Abakwa

Malam, maganar tara gaskiya ce, kuma ni ban yarda da ita ba, na faɗa a makarantarmu. Amma yawan harsuna ba ya cutar da yaro. Mu a Abakwa mun tashi da Hausa da Pidgin da Ingilishi da karatun allo, ba wanda ya ruɗe. Abin da ke cutarwa shi ne a wulaƙanta ɗaya don a ɗaukaka ɗaya.

Malamin Islamiyya, Marwa

To a nan mun haɗu. Amma maganar lokaci tana nan, yini ɗaya ne Allah ya ba yaron.

Ɗan Kusiri

Ni ina tsakanin Kusiri da Injamena, kullum sai na haye gadar Ngeli. Ku a Kamaru ku gode wa Allah, ko ba komai Ingilishi harshen gwamnati ne a wurinku, kuna da abin da za ku riƙe ku nemi haƙƙi. A Cadi Faransanci da Larabci ne na gwamnati, Ingilishi darasi ne kawai cikin darussa. Mutane sun farga da shi ne lokacin man Doba, da aka ja bututu har Kribi aka fara fitarwa a 2003. Waɗanda suka iya Ingilishi su suka samu aikin ofis a kamfanonin, sauran suka samu gadi da tuƙi. Tun daga nan masu hali suke tura 'ya'yansu Kamaru da Najeriya da Gana. Ɗan Dang zai gaya muku yawan 'yan Cadi da ke jami'arsu da ta Marwa. Ɗan talaka a Injamena kuwa yana nan da "good morning teacher" har ya gama.

Yayar Mokolo

Ɗan Kusiri ya faɗi gadi da tuƙi, bari in ƙara da tafinta, don shi ne aikina. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a yankin Mokolo, muna shiga sansanin Minawao inda 'yan gudun hijirar Najeriya suke tun 2013. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa da Fulatanci da ɗan Barbarci. Ni ce ke zama da matan nan, ni ce ke jin abin da ya same su, wani lokaci in koma gida in kasa cin abinci. In na gama sai in juya maganar zuwa Faransanci, wani ya ɗauka ya rubuta rahoto da Ingilishi ya aika. Sunansa ne a kan rahoton, shi ake kira taro a Yawunde, albashinsa ya ninka nawa. Yaro ne, ban ƙi shi ba, yana da ladabi. Amma bai taɓa zama a kan tabarma da ko ɗaya daga cikin matan ba.

Sau biyu ana buɗe gurbin da ya fi nawa, sau biyu ina faɗuwa a hirar baki da Ingilishi. Na san aikin fiye da wanda zai yi mini tambayar. Da na karanta labarin yarinyarka Malam, kaina na gani. Don Allah kada ka bar ta haka. Ka gaya mata laifin ba nata ba ne, don ni na yi shekaru ina zaton ni ce daƙiƙiya.

Tsohon Darakta, Marwa

'Yata, Allah ya buɗa miki. Maganarki ta sa na yi shiru.

Zan ƙara abu ɗaya da na sani daga firamare, don tushen yana can. A lekol ɗin gwamnati malamin aji shi ke koyar da komai, har Ingilishi. Da yawa a ƙauyukanmu malaman da iyaye ke biya ne ta hanyar APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ba su samu horo ba, su kansu ba su iya ba. Sai a tsallake darasin, ko a rubuta kalmomi biyar a allo. Yaro ya iso 6e bai taɓa jin yadda harshen yake a baki ba, alhali ɗan makarantar kuɗi ya shekara takwas yana ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai azuzuwan musamman na harsuna biyu a wasu lise na gwamnati, inda ake ƙara awoyi har a koyar da wasu darussa da Ingilishi, kuma suna fitar da yara masu kyau. Amma aji ɗaya ne a makaranta, ana zaɓen masu shiga. Waɗanda ke cin zaɓen kuma galibi su ne waɗanda suka riga suka fito daga firamare mai kyau.

Alhajin Kasuwa, Hausare

To jama'a, mun yi ta faɗin ciwo. Malam, kai ne mai ɗaki, kai ka san inda yake yoyo. Me za a iya yi wanda bai sai mun jira Yawunde ba?

Malamin Angile, Garwa

Alhaji, abin da na gwada bana kaɗan ne. Minti goma na ƙarshen kowace awa nakan ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ɗaya mai saye ɗaya mai sayarwa, ko ɗaya nas ɗaya mai jinya. Ajin yakan kaure da hayaniya, har an taɓa leƙowa a ga ko lafiya. Ba na iya jin kowa, ba na iya gyara wa kowa, amma bakin yana buɗewa. Kuma na daina jin kunyar yin bayani da Fulatanci ko Hausa in abu ya cije, maimakon in bi ta Faransancin da shi ma wasu bai zauna musu ba. Na ga yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun fara.

Amma minti goma ba za su kai su inda 'yan yamma suke ba. Abin da nake buri shi ne wuri a waje da makaranta, yara 20 ko 25, awa biyu a mako, ba allo ba maki, magana kawai. Ba ni da wurin.

Alhajin Kasuwa, Hausare

Wuri ba matsala ba ne. Zaurena na Hausare yana ɗaukar mutum 30, akwai tabarmi, akwai fanka in an kawo wuta. Zan sa yaron shagona ɗan Mubi ya riƙa zuwa da tsofaffin rasit da takardun kaya ku yi aiki da su. Ruwan sha da kuɗin mashin ɗinka a kaina. Sharaɗina ɗaya, ɗana mai Bak shi ma ya zauna.

Baban Injiniya, Garwa

Ɗana yana zaune a gida ba aiki. Zan yi masa magana ya zo ya taya Malam. Wataƙila in ya zauna da yaran nan shi ma Hausarsa da Faransancinsa su miƙe.

Malamin Islamiyya, Marwa

Ni ina Marwa, ba zan halarta ba, amma ina roƙo kada a sa shi lokacin Islamiyya. Asabar da Lahadi da safe yawancin yara suna wurin malamansu.

Tsohon Darakta, Marwa

Ku yi, Allah ya sa albarka. Amma Malam, yara 25 cikin 104 ne. Sauran 79 fa? Kada zaure ya sa mu manta da maganar jarrabawa. A kai ta taron APEE, a rubuta, wakilan iyaye su sa hannu a miƙa wa hukumar ilimi ta jiha cewa muna so a riƙa auna magana. In kun rubuta ku turo mini in duba Faransancin.

Malamin Angile, Garwa

Na ji Baba, zan rubuta daftarin cikin makon nan in turo maka. Zaɓen 25 ɗin ma yana damuna, don in na ɗauki masu ƙoƙari kaɗai na maimaita abin da nake kuka da shi. Ina ganin ƙuri'a zan sa su ja, bayan wata uku a canza wasu. Alhaji, Lahadi bayan la'asar ta yi maka?

Maman 'Yan Biyu, Rumde Ajiya

Malam, yayan 'yan biyu ba ɗan ajinka ba ne, yana 2nde, amma don Allah a sa shi a ƙuri'ar. Sannan 'yan mata fa? In zaure ne na maza iyaye ba za su bari ba, kuma yarinyar da ta jawo maganar nan mace ce. Alhaji, ko Hajiya za ta yarda a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida? In ta yarda ni zan riƙa zuwa in zauna da su har a tashi, in raka na unguwarmu gida kafin magariba.